Musu: a loda Windows a SSD a kan wata kwamfuta, a kwance a mayar wa wata, zai yi ko ba zai yi ba?

Sadiku: Salamu alaikum jama'a, don Allah ina neman shawara kafin in tafka ɓarna. Laftof ɗin yayata ce SSD ɗinta, wato faifan da Windows da fayiloli ke zama a kai, ya mutu murus, na samo sabo irin M.2 NVMe ɗin nan, to matsalar ita ce duk ramukan USB na laftof ɗin basa aiki tun da ruwa ya taɓa zubewa a kanta, ko maus bata gani balle filashi, kuma irin siririyar nan ce babu wajen CD. Shine nace ko in ɗaura sabon SSD ɗin a kwamfutata ta tebur in loda masa Windows 11 a can, in na gama in kwance in mayar cikin laftof ɗin. Furosesan tawa AMD Ryzen ne, na tata kuma Intel i5 ƙarni na 11. Zai tashi kuwa?

Oga Bala: Wa alaikumus salam. Zai tashi mana, babu ko tantama. Ni wannan aikin kusan kullum sai na yi shi, in aka kawo min na'urar da ta ƙi karɓar filashi bana ɓata wa kaina lokaci, faifan nake cirewa in ɗora a kan tawa in loda in mayar mata. Tun daga Windows 10 duk inda ka kai faifan tashi yake yi, zai ɗan tsaya yana juya ɗigo-ɗigon nan yana shirya kayan na'urar, ya yi ristat sau ɗaya ko biyu, shikenan an wuce wajen. Yi abinka ƙanena.

Malam Habu: Sadiku kar ka soma. Windows a jikin na'urar da zai zauna ake saka shi, domin a lokacin sakawar ne yake auna ta kamar yadda tela yake auna mutum, ya ɗauko direbobin da suka dace da ita, wato ƙananan manhajojin da ke sa kowane sashen na'ura aiki. Ka auna riga a jikin wani kace wani ne zai sa? Ni na sha ganin wannan, a ɗauke faifai daga wannan madabod, wato babban allon da kayan kwamfuta ke kai, zuwa wancan, tambarin Windows yana fitowa sai shuɗin allo, 0x0000007B, har yau lambar nan tana kaina kamar lambar wayata. Kuma daga AMD zuwa Intel fa yace. Haba Bala.

Oga Bala: Malam da girmanka amma labarin zamanin XP kake ba mu. A wancan lokacin gaskiyarka, ko saitin faifai ka canza daga IDE zuwa AHCI a cikin BIOS, wato shafin saitin madabod, na'ura ɗaya ma sai ta ƙi tashi, har Windows 7 yana da wannan taurin kan. Amma in kiɗa ya canza ai rawa ma canzawa take. Daga Windows 8 a 2012 suka fara gyara abin, zuwa 10 ya zama tarihi. Maganar AMD da Intel kuwa duk yare ɗaya suke ji, x86-64, Windows ɗin da ake loda wa wannan shi ake loda wa wancan, fayil ɗaya ne ba biyu ba.

Kabiru: To fa, yau akwai kallo. Bari in gyara zama

Rukayya: Oga Bala kalmar "duk inda" ɗin nan ce bata kwanta min ba. Inda cewa kayi sau da yawa yana tashi da ban tanka ba. Ka duba abin da yaron yace, Intel ƙarni na 11. Laftof da yawa daga wannan ƙarnin zuwa sama suna zuwa da VMD a kunne, wato SSD ɗin ba kai tsaye Windows yake ganinsa ba, sai ta hannun kwantirolan Intel RST, kuma direban wannan kwantirolan galibi baya cikin Windows ɗin da mutum ya sauke ya loda da kansa. Shi yasa ko da filashi kake lodawa a irin waɗannan laftof ɗin sai ka iso wajen zaɓen faifai kaga wayam babu komai. To yanzu ka loda a kan Ryzen inda babu VMD, ka kawo nan, Windows zai fara tashi ya nemi faifan da shi kansa yake zaune a kai ya rasa. Saƙon da zai fito INACCESSIBLE BOOT DEVICE, wanda shine dai 7B ɗin Malam Habu ya canza riga.

Malam Habu: Allah ya yi miki albarka. Ashe tsohuwar cutar tana nan, suna kawai ta sake

Oga Bala: Hajiya wannan ai ba matsala bace, saiti ne. Ka danna F2 ko Del ka shiga BIOS ka kashe VMD, minti ɗaya baya kaiwa

Rukayya: Idan BIOS ɗin ya baka wajen kashewa ba. Akwai masu ɓoye shi, akwai waɗanda babu zaɓin kwata-kwata. Kuma ka ga yanzu da bakinka ka ƙara sharaɗi, ɗazu cewa kayi yayi abinsa kawai.

Nura: Ni fa duk wannan wahalar bansan ta mece ce ba. Sadiku saka mata Linux Mint a madadin Windows ka huta. Linux duk tashin da zai yi sai ya sake duba kayan na'urar daga farko, direbobin suna cikin kanel, wato zuciyar tsarin, baya ɗaure kansa da madabod ɗaya. Ina da SSD guda ɗaya da ya zauna a kwamfuta uku daban-daban ban taɓa sake lodawa ba. Babu lasisi babu rokon kowa.

Kabiru: Dama nasan ba za a tashi ba sai Nura ya kawo wa'azin Linux 😂 ko ciwon kai kace kana yi cewa zai yi ka saka Mint

Nura: Kabiru ai gaskiya ce. Kuma abin da Malam Habu yake cewa wai dole sai a jikin na'urar ake lodawa, to 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi fa? Duk duniya a wata kwamfutar ake rubuta masa katin SD sannan a soka masa ya tashi. Kamfanonin da ke ƙera laftof ma kuna zaton ɗaya bayan ɗaya suke bi da filashi? Hoton faifai ɗaya, wato cikakken kwafin abin da ke faifan, suke shiryawa su buga wa dubbai.

Malam Habu: Nura ka kawo hujjar da ta kashe ka. Hoton Raspberry Pi ai don Raspberry Pi aka gina shi tun asali, kwamfutarka alƙalami ce kawai ta kwafa. Haka na kamfani, sun san na'urar da za su buga wa, direbobinta suna ciki. Wannan daban da ka bar Windows ya tashi ya zauna ya saba da gidan wani sannan ka ɗauke shi cak ka kai shi baƙon gida.

Rukayya: Wannan maganar ta Malam ita ce zuciyar zancen wallahi, sai dai shi ma bai bi ta har ƙarshe ba. Tunda matsalar sabawa da gidan wani ce, to kar a bari ya saba mana. Windows ɗin da ke cikin filashin lodawa hoto ne wanda bai san kowace na'ura ba. Zangon farko na lodawa ba abin da yake yi illa yanka fatishan, zube fayiloli da rubuta fayilolin tashi. Sai bayan ristat na farko ne yake fara lalube yana tambayar wane furosesa ne wannan, wane katin sauti, wane wayafai. Saboda haka Sadiku idan yace zai yi ristat cikin daƙiƙa 10, ka bari allon ya yi baƙi, da tambarin madabod ya fito ka danne maɓallin wuta ka kashe ta gaba ɗaya. Cire SSD ɗin a nan. Idanun da zai fara buɗewa a cikin laftof ɗin yayarka zai buɗe su, telan Malam kuma a jikinta zai yi awon.

Oga Bala: Wannan duk tsawaitawa ne. Ni har destof nake bari ya kai, in saka Chrome da sauran tarkace, sannan in cire. Kuma yana tashi.

Rukayya: In kana son saka manhajoji kafin ka cire ai akwai hanyarsa, Microsoft da kansu suka tanada. Idan ya kawo shafin zaɓen ƙasa ka danna Ctrl+Shift+F3 ya shiga yanayin audit, ka saka abin da za ka saka, sannan ka gudanar da sysprep /generalize /oobe /shutdown, ya goge duk abin da ya shafi waccan na'urar ya kashe ta da kansa. Mu a wajen aiki haka muke shirya faifai in za a raba wa kwamfutoci da yawa. Naka yana tashi ban musa ba, amma ka taɓa ƙirga waɗanda suka dawo maka bayan sati biyu wai barci baya yi daidai ko batir na zuba?

Oga Bala: Ba wanda ya taɓa dawo min da wannan

Kabiru: Ko dai wajen wani suka kai 😂

Malam Habu: Kabiru ka rigani. Tashi fa ba shine lafiya ba Bala. Ragowar direbobin tsohuwar na'urar suna nan kwance a ciki, ka buɗe Device Manager ka ce ya nuna ɓoyayyun na'urori kaga fatalwowi jere.

Oga Bala: Malam fatalwar da bata motsi ina ruwanka da ita. Windows baya ɗora direba sai ya ga na'urar da lambarta ta yi daidai da shi, direban katin hoton AMD in babu katin AMD kwanciyarsa kawai zai yi yana cin ɗan waje a faifai. Wannan tsoron na da ne kawai ya zauna muku a rai.

Rukayya: A nan kam Oga Bala ya fi gaskiya, direban da babu na'urarsa baya tashi. Abin da ke kawo rikici manhajojin da ke biyo direbobin ne, irin na sarrafa fanka da fitilu da saurin furosesa, su suna tashi tare da Windows ko da na'urarsu ko babu, sai suyi ta jefo kuskure. To amma wannan a tsohon Windows da aka shekara ana amfani da shi ne. Sabon lodi da ko intanet bai gani ba babu wannan kayan a cikinsa. Shi yasa nake ganin tambayoyi biyu ne kuka cakuɗa, ɗaukar tsohon Windows a kai sabuwar na'ura daban, loda sabo don wata na'ura daban. Malam yana amsa ta farko, Sadiku ta biyu ya yi.

Zainab: Bari in sa baki tunda an zo kan tsohon Windows, don ni abin ya taɓa cina. Madabod ɗin laftof ɗina ya ƙone, nace ai ba komai fayilolina suna SSD, na cire na saka a wata. Tana tashi sai ga allo yana neman mabuɗin BitLocker, wato kullen faifai na Windows, lambobi 48. Ni ban ma san faifan a kulle yake ba, ban taɓa leƙa wajen ba. Ashe mabuɗin yana cikin TPM, ɗan guntun da ke ajiye mabuɗan tsaro, na wancan madabod ɗin da ya mutu. Ranar ban yi barci ba, aikin shekara biyu ne a ciki. Allah ya taimake ni da asusun Microsoft na shiga tun farko, na buɗe shi a waya na tarar da mabuɗin an ajiye a can. Inda babu shi da sai dai fomatin, don babu mai gyaran da zai iya buɗe maka. Har PIN ɗina ma ya daina aiki sai da na shiga da fasiwod na sake sabo. Saboda haka Oga Bala "duk inda ka kai shi" ɗin nan a dinga sa masa in sha Allahu.

Oga Bala: Sannu Zainab, amma naki ai kulle ne, ba Windows ne ya kasa tashi ba

Zainab: Ni da nake zaune gaban allon ban ga bambanci ba wallahi

Rukayya: Kuma ya shafi Sadiku kai tsaye idan ya bi hanyar Oga Bala. Windows 11 daga sabuntawar 24H2 yana kunna kullen faifai da kansa a sabon lodi a na'urori da yawa, da ka shiga da asusun Microsoft mabuɗin ya ɗaure da TPM na na'urar da kake kai. Ka ga in ya kai har destof a kan Ryzen ɗinsa ya shiga da asusunsa, ya ƙulla faifan yayarsa da madabod ɗinsa kenan bai sani ba.

Oga Bala: Ni bana haɗa intanet in ina lodawa

Rukayya: Sharaɗi na biyu kenan, ina ƙirgawa 😄

Sadiku: Na gode ƙwarai, ina ta rubutawa a takarda. To lasisi fa? Kar in gama ya dinga nuna mata rubutun nan na Activate Windows a gefen allo, ta ce na lalata mata abu.

Malam Habu: Yauwa, wannan ma wata hujjar ce. Lasisi da madabod yake tafiya ba da faifai ba. Wanda ya zo da na'ura daga kamfani a jikinta yake mutuwa, ba a ɗaukarsa a kai wata, sai wanda mutum ya saya daban ne ake iya canza wa gida.

Rukayya: Haka ne Malam, amma a nan faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Tunda a madabod yake, na yayarsa yana nan a laftof ɗinta bai je ko ina ba, mutuwar SSD bata taɓa shi ba. Tun Windows 8 mabuɗin a cikin BIOS ake dasa shi, aka daina manna shi a takarda a ƙasan laftof. Da ta hau intanet zai kunna kansa. Abu ɗaya kawai, nau'in ya zama iri ɗaya. In Home ce ta zo da shi ka loda Home. Wajen lodawa in ya nemi mabuɗi kace baka da shi, sai ya baka jeri ka zaɓa. Mutane suna da son zaɓen Pro wai ya fi girma, sai a ƙare da lasisin Home a madabod da Windows Pro a faifai, su ƙi gaisawa. Ka kuma lura in kwamfutarka ta tebur tana da nata mabuɗin a BIOS mai lodawar zai iya ɗaukarsa ya zaɓa maka nau'i ba tare da ya tambaye ka ba.

Nura: Kun ga abin da nake faɗa ko, lasisi, mabuɗi, TPM, Home, Pro. Mu a Linux babu ko ɗaya

Rukayya: Nura kar ka sa in tona maka asiri. Linux irin Fedora in ka loda shi initramfs ɗin da yake ginawa, wato ƙunshin direbobin farkon tashi, na na'urar da yake kai ne kaɗai, ka kai shi wata mai kwantirola daban yana iya tsayawa a hanya sai ka bi ta layin rescue. Arch ma haka yake tace direbobi da autodetect. Ubuntu da Mint da Debian ne suke cusa mafi yawan direbobin shi yasa naka yake yawo lafiya. Ga wanda ya rubuta /dev/sda a fstab, fayil ɗin jerin faifai, maimakon UUID, lambar shaidar fatishan da bata canzawa, ga wayafai na Broadcom da sai ka nemo masa direba, ga direban Nvidia. Sannan babbar, rajistar tashi ta UEFI, wato BIOS na zamani, a madabod ake rubuta ta ba a faifai ba. Ka kai faifan sabuwar na'ura babu sunansa a jerinta, abin da za ta duba kawai shine EFI/BOOT/BOOTX64.EFI, in babu fayil a wannan wajen sai tace bata ga abin tashi ba alhali komai yana nan lafiya. Windows yana ajiye kwafi a can, Ubuntu ma haka, amma akwai rabe-raben Linux da sai ka ce musu grub-install --removable.

Nura: Toh naji, amma duk waɗannan gyaran minti biyar ne ga wanda ya sani

Oga Bala: Ni ma abin da nace kenan a kan VMD aka taso min 😂

Sadiku: Yaya Nura ka yi haƙuri, ita Word da Excel ta sani kuma akwai manhajar wajen aikinsu da sai Windows. In na canza mata ni zan zama mai amsa waya kullum.

Malam Habu: Ni har yanzu ban ga dalilin da ba za a gyara ramin USB ɗin ba a yi abu yadda ya kamata. Ko a loda ta hanyar netwok, PXE, in dai sai an yi.

Sadiku: Malam an duba, ance layin wutar USB ɗin ne ya ƙone a kan madabod, kuma bata da ramin waya na netwok, wayafai ne kaɗai

Rukayya: Tsaya, wannan ya tuna min wani abu mai muhimmanci. Windows 11 zai nemi intanet kafin ya bar ka ka ƙarasa saiti, in bai gane katin wayafai ɗinta ba ka shiga uku, babu filashi babu waya babu ta inda za ka shigo da direba. Don haka kafin ka kwance SSD ɗin ka sauke direbobin laftof ɗin daga shafin kamfaninta, na wayafai da na chipset da Serial IO da na RST, ka warware su ka zuba a wani folda a cikin SSD ɗin. Bayan ka kashe a ristat na farko sai ka mayar da naka faifan ka tashi da shi, sabon ya zama na biyu, ka kwafa. In ma kana so ka rufe ƙofar VMD gaba ɗaya sai ka cusa direban RST tun daga nan da dism /Image:E:\ /Add-Driver /Driver:foldan /Recurse, E ɗin ka sa harafin da faifan ya samu a wajenka.

Oga Bala: Wanda zan yarda da shi ba musu guda ɗaya ne, kuma ba wanda ya faɗe shi a cikinku. Ka cire DUK sauran faifan da ke kwamfutarka kafin ka fara lodawa. Mai lodawar Windows in ya ga akwai fatishan ɗin EFI a wani faifan sai ya zuba fayilolin tashi a can ya bar sabon haka nan. A kan tebur ɗinka komai zai yi kyau, kana kai shi laftof sai tace babu abin tashi. Wannan ya taɓa kama ni ina sabon shiga, na kwana ina zargin faifan ashe rabin Windows ɗin na bari a gida. Kuma ya kare ka daga goge naka faifan bisa kuskure, wanda shi kuma ba a magana. Sannan ka tabbatar filashin a UEFI ka tashe shi ba Legacy ba, don faifan ya fito da sabon tsarin fatishan na GPT, laftof ta wannan ƙarnin da wuya ka samu CSM, wato zaɓin tashi irin na da, a cikinta balle ta karɓi tsohon tsarin MBR.

Rukayya: Uku da huɗu. Oga Bala "yi abinka ƙanena" ya haifi 'ya'ya huɗu

Oga Bala: Hajiya waɗannan ai duk mai gyara ya san su, ba sai an faɗa ba

Malam Habu: Shi kuma yaron mai gyara ne?

Kabiru: Malam ya ci wannan zagayen

Sadiku: Wata tambaya, ina da ɗan akwatin nan na saka M.2 a USB, ba zan iya lodawa ta nan ba in huta da buɗe kwamfutata?

Oga Bala: Mai lodawar Windows baya yarda ya loda a faifan da ke USB, zai nuna maka shi amma ya ƙi. Sai dai ka bi ta dism da bcdboot da hannu, ko Rufus da zaɓin Windows To Go, ni kuma ban so wannan ga faifan da zai zauna a ciki dindindin. Buɗe kes ɗin kawai, sukuru ɗaya ne. Akwatin ka ajiye shi don kwafar direbobin da Hajiya tace, ya fi sauƙi.

Sadiku: Jama'a na dawo. Jiya da daddare nayi. Na cire faifaina, na loda Home, na kashe a ristat na farko, na kwafa direbobi ta akwatin USB, dism ɗin ne ban yi ba don tsoro ya kamani kar in rubuta harafin da ba shi ba. Na ɗaura a laftof na kunna, ɗigon ya juya kamar sau uku sai ga INACCESSIBLE BOOT DEVICE, gabana ya faɗi wallahi

Malam Habu: Me na ce?

Sadiku: Malam tsaya ban gama ba 😅 na shiga BIOS na lalubo VMD a ƙarƙashin Advanced na kashe, na sake kunnawa sai ya wuce, ya shirya na'urori ya kawo shafin zaɓen ƙasa. Amma tachfad baya motsi kuma babu wayafai ko ɗaya, da Tab da Enter na dinga tafiya. Na danna Shift+F10 baƙin allo ya buɗe, na rubuta pnputil /add-driver C:\direba\*.inf /subdirs /install kamar yadda Anti Rukayya ta turo min, kafin ya gama ma kibiyar ta fara motsi, wayafai ya fito. Yanzu haka tana ofdet, lasisi kuma ya kunna kansa ban taɓa komai ba.

Oga Bala: Alhamdulillah. Na ce zai tashi ko ban ce ba? Gani ya kori ji

Malam Habu: Bala ka ji tsoron Allah. Yadda ka ce ya yi tun farko inda shi ya bi, da yanzu yana zaune gaban na'ura babu wayafai babu maus babu USB. Abin da na ce zai faru ya faru, har saƙon kuskuren ban kuskure ba.

Oga Bala: Kai kuma cewa kayi kar ya soma. Inda ya bi taka da laftof ɗin tana cikin durowa har yanzu

Malam Habu: A bari ta yi wata uku tukuna sai mu yi magana

Zainab: Sadiku tun kafin ka miƙa mata ka shiga saiti ka duba ko kullen faifai a kunne yake, in a kunne yake ka tabbatar asusunta ne a kai ba naka ba, kuma ka rubuta mata lambobi 48 ɗin a takarda. Sannan kar wani ya je ya sake kunna VMD ɗin nan ko ya mayar da BIOS yadda ya zo daga kamfani, don allon kuskuren zai dawo.

Rukayya: Ka saka direban RST ɗin ma ba laifi, amma mafi sauƙi ka liƙa 'yar takarda a cikin murfin ƙasa ka rubuta cewa VMD a kashe yake, saboda duk wanda zai buɗe ta nan gaba.

Sadiku: To zan yi. Sai dai wani abu, tawa kwamfutar yanzu in na danna F11 ina ganin Windows Boot Manager guda biyu a jerin, ɗaya in na zaɓa baya zuwa ko ina. Na ɓata wani abu ne?

Oga Bala: Ba ka ɓata komai ba, sunan SSD ɗin yayarka ne ya rage a madabod ɗinka. Wasu madabod ɗin suna share shi da kansu bayan an tashi sau kaɗan, in bai tafi ba ka buɗe cmd a matsayin admin ka rubuta bcdedit /enum firmware, ka turo hoton abin da ya fito kafin ka goge komai, kar ka je ka share na gasken.